Kwabo Ɗaya Zuwa Landan, Kwabo Biyu da Ɗari Zuwa Maraɗi

A garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, irin su Bichi da Tsanyawa, idan dattijo ya rasu aka zo buɗe adakarsa, akan tarar da takardu a ƙarƙashin tufafi: rasiɗin haraji, takardar cinikin gona, wani lokaci har da wasiƙa a cikin ambulan ɗinta, wadda wani ɗan'uwa ya aiko daga Legas ko Kumasi ko barikin soja. Sau da yawa wasiƙar da ajami take. Ta fara da sallama da gaisuwa, ta faɗi buƙata, ta rufe da addu'a, amma babu rana babu shekara. Hatimin gidan waya da ya kamata ya faɗi ranar yakan zama ya dushe, ko tawadarsa ta cakuɗe tun lokacin da aka buga shi. Abin da ya rage a sarari shi ne kan sarkin da aka manna, da adadin kuɗin da ke jikinsa.

Wannan adadi shaida ne ga wanda ya iya karanta shi. Hukuma ce ke yanka kuɗin aika wasiƙa, ta sanar da ranar da zai fara aiki, ya ci gaba da aiki har ranar da ta canza shi. Saboda haka duk wanda ke riƙe da jadawalin farashin yana iya duban ambulan ya ce tsakanin shekara kaza da shekara kaza aka aiko shi, kuma ta ruwa ya zo ko ta sama. A Amurka hukumar gidan waya ta wallafa jerin kuɗin wasiƙar cikin gida tun daga 1863, kowa na iya dubawa a intanet. A Ingila ƙungiyoyin masu nazarin kan sarki sun yi irin wannan aiki. Bayanan Najeriya kuwa suna warwatse cikin tsofaffin jaridun sanarwar gwamnati, da rahotannin shekara-shekara, da littattafan Turanci masu tsada da aka buga a Ingila. Wanda zai tattara su ya gina manhajar da ɗan Tsanyawa zai tambaya a wayarsa, sai ya fara sanin tarihin da ke bayan kowane adadi, domin a nan ne kurakuran suke ɓoye.

Kafin a manna kan sarki

Ƙasar Hausa ta san wasiƙa tun kafin ta san gidan waya. A zamanin Daular Usmaniyya saƙonni suna kai da komo tsakanin Sakkwato da masarautu da harshen Larabci, ɗauke da hatimin mai aikowa, a hannun manzanni. Wazirin Sakkwato shi ke kula da al'amuran Kano, kuma da Turawa suka shiga Sakkwato a watan Maris na 1903 sun tarar da tarin wasiƙun sarakuna a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Talaka da ɗan kasuwa kuwa sai su ba fatake saƙo, ko wani matafiyi da ya nufi wajen. Babu tsayayyen kuɗi a wannan tsari. Akwai tukuici, da goro, da zumuncin da ke sa mutum ya ɗauki amanar wani.

Tsayayyen farashi daga Ingila ya taso. Kafin 1840 wanda aka kawo wa wasiƙa a can shi ke biya, kuma ana lissafin kuɗin ne bisa nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Rowland Hill ya nuna cewa ɗawainiyar lissafi da karɓar kuɗi ta fi ta ɗaukar wasiƙar kanta tsada, ya ba da shawarar a yanka kuɗi ɗaya ga ko'ina cikin ƙasa, mai aikawa ya biya tun farko. A watan Janairu na 1840 aka soma karɓar kwabo ɗaya kan wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba, a watan Mayu kuma aka fitar da kan sarki na farko a duniya, mai hoton Sarauniya Biktoriya. A 1874 ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, wadda ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, aka daidaita kuɗin wasiƙar ƙetare a kan santim 25 na Faransa, wanda a kuɗin Ingila ya kama kwabo biyu da ɗari. Sannan a ranar 25 ga Disamba 1898 Ingila da mafi yawan ƙasashen da take mulka suka amince su riƙa aika wa juna wasiƙa a kan kwabo ɗaya.

Yadda ya iso Arewa

An buɗe gidan waya a Legas a 1852 a matsayin reshen na Landan, Legas kuma ta sami kan sarkinta a 1874. A bakin Kwara, Kamfanin Neja ne ke gudanar da aika saƙo, har ya buɗe ofis a Lokoja a 1899. Da gwamnatin Ingila ta karɓi Arewa daga hannun kamfanin ranar 1 ga Janairu 1900, aka buga wa Arewacin Najeriya kan sarkinta na kanta, kala tara, daga na ɗari har zuwa na sule goma, duka da kan Sarauniya Biktoriya. Na Sarki Edward na Bakwai ya biyo baya a 1902, na Sarki Joji na Biyar a 1912. Daga waɗannan kawuna ne Bahaushe ya raɗa wa abin suna, sunan kuma ya zauna har bayan da aka daina sa kan kowane sarki a jikinsa. Shi ma gidan waya ya samo sunansa ne daga wayar tangaraho da ke shiga ginin, domin ma'aikata ɗaya ce ke riƙe da wasiƙa da tangaraho.

Akwai darasi ga mai gina jadawali a cikin kan sarkin fam 25 da Arewacin Najeriya ta fitar a 1904. Babu wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi. An yi shi ne don biyan kuɗin lasisin shigo da barasa, yau kuma yana cikin waɗanda masu tara kan sarki ke nema ruwa a jallo. Ma'ana, ba kowane kan sarki ne ke nuna kuɗin wasiƙa ba. Ana manna shi a kan rasiɗi da takardun yarjejeniya a matsayin harajin gwamnati, kuma wanda ya tarar da shi a jikin takardar cinikin gona bai kamata ya neme shi a jadawalin wasiƙu ba.

A farkon lamarin wasiƙar da ta taso daga Ingila takan biyo jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster zuwa bakin teku, ta hau ƙaramin jirgi ta bi Kwara zuwa Lokoja, ta wuce Zungeru inda hedikwatar gwamna take daga 1902, daga nan masu ɗaukar jaka a ka su kai ta gaba. An ci Kano a watan Fabrairu na 1903, amma sai a 1911 layin dogo ya iso, a 1912 kuma aka buɗe shi ga jama'a, shekarar da cinikin gyaɗa ya buɗe. Daga lokacin Kano ta zama matattarar wasiƙun yankin. Garuruwan da ke arewa maso yamma da birni, inda dogo bai bi ba, sun dogara ne ga hanyar Katsina da duk wanda ke bin ta.

Taswirar da ke cikin farashi

An haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairu 1914, a watan Yuni na shekarar aka fitar da kan sarkin da ke ɗauke da sunan Najeriya kawai. A cikinsu na ɗari kore ne, na kwabo ja, na kwabo biyu da ɗari shuɗi. Launukan ba ado ba ne, ƙa'ida ce ta ƙungiyar duniya, domin ma'aikacin da bai iya harshen wata ƙasa ba ya gane da ido ko an biya abin da ya dace. Ja na wasiƙar cikin gida ne da ta ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Shuɗi na ƙasar waje ne.

Abin lura shi ne yadda aka fassara ƙasar waje. Landan, wadda sai an yi makonni a teku kafin a kai ta, tana cikin gida a lissafin daular Ingila, haka ma Kumasi da Ankara inda Hausawa 'yan kasuwar goro suka kafa zango. Maraɗi da Tasawa da Damagaram kuwa, inda mutanen arewacin Kano da Katsina ke da dangi da surukai da abokan ciniki, suna hannun Faransa. Bisa wannan tsari mutumin Tsanyawa zai biya kwabo ɗaya ya aika wasiƙa Landan, amma ya biya kwabo biyu da ɗari ya aika wa ɗan'uwansa a Maraɗi, tafiyar 'yan kwanaki a kan jaki. Iyakar da Turawa biyu suka shata tsakaninsu ta shiga har cikin aljihun mai wasiƙa. Ba abin mamaki ba ne idan saƙon Maraɗi ya ci gaba da tafiya a hannun fatake kamar yadda aka saba.

Ke nan manhajar da za ta yi aiki ba za ta tsaya ga tambayar nawa ne kuɗin wasiƙa a shekara kaza ba. Sai ta tambayi ina wasiƙar ta nufa, ta kuma san ƙarƙashin wa wurin yake a wannan shekara. Gana ta sami 'yanci a 1957, Nijar a watan Agusta na 1960, Najeriya a watan Oktoba na 1960, kuma kowane sauyi irin wannan na iya matsar da ƙasa daga wani rukunin farashi zuwa wani. Nauyi ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Bayan taron ƙungiyar duniya na 1906 a birnin Roma an ɗaga ma'aunin wasiƙar ƙetare daga giram 15 zuwa 20, Ingila kuma ta ɗaga nata daga rabin oza zuwa oza guda a 1907. A Ingila ɗin kanta wasiƙar kwabo ta ƙare a 1918, lokacin da ɗawainiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta sa aka mai da ita ahu.

Jirgin sama da yaƙi

Jiragen sama na farko sun sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. A watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano, inda suke haɗuwa da babban layin da ke zuwa Landan. Tafiyar makonni ta koma ta kwanaki, amma da ƙarin kuɗi, don haka daga wannan shekara kowace wasiƙar ƙetare tana da farashi biyu, na ruwa da na sama.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wani rukuni. Dubban 'yan Arewa sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da yawansu kuma a soja suka koyi boko. Wasiƙun sojan da ke fagen fama suna da nasu rangwame, wasu ma ba a manna musu kan sarki sai hatimin soja da na mai tace saƙo. A zamanin yaƙin ne kuma aka yaɗa takardar nan marar nauyi da ake rubutu a cikinta a naɗe ta ta zama ambulan, wadda daga baya ɗalibai da alhazai suka saba da ita. A gida, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita daga Zariya a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta koya wa masu karatu ɗabi'ar rubuta wa edita wasiƙa. Bayanta gidajen rediyo suka gaji wannan ɗabi'a, da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, wanda katunan gaisuwarsa suka sa mutanen karkara da yawa sanin hanyar gidan waya.

Kwabo biyu masu suna ɗaya

Babban tarkon da ke jiran mai gina jadawali da Hausa shi ne kalmar kwabo. Kafin 1973 kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin ke yin fam, wato kwabo 240 a fam ɗaya. Bahaushe yana da suna ga kowane mataki: anini kashi ɗaya cikin goma na kwabo, ɗari rabin kwabo, ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo uku, sisi shida, nai tara. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira, aka mai da fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Naira ɗaya ta zama daidai da tsohon kwabo 120, amma sabon kwabo 100 ne a cikinta, don haka sabon kwabo ya ɗara tsoho da kashi ɗaya cikin biyar. Mutane kuma ba su bar tsofaffin sunaye ba. Suka ci gaba da kiran kwabo biyar sisi, kwabo goma sule, naira biyu fam, naira 200 jaka. Idan dattijo ya ce ya aika wasiƙa a kan sisi, sai an tambaye shi kafin canjin kuɗi ne ko bayansa. A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma ƙasar ta bar oza ta koma giram.

Kan sarkin yau da kullum da aka fitar a 1973 ya fara daga kwabo ɗaya ya tsaya a naira biyu, kuma na naira biyun ya ishi manyan ƙunshi. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar wasiƙa da tangaraho, aka sami NIPOST da NITEL. A 1986 gwamnati ta shiga shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta soma zubewa, farashin wasiƙa ya riƙa canzawa da saurin da buga sabon kan sarki bai iya kamowa ba. Shi ya sa ambulan na shekarun 1990 yakan zo a lulluɓe da ƙananan kan sarki jere da juna, wani lokaci har bayansa. Wannan zamani, duk da kusancinsa, yana buƙatar kulawa fiye da na Turawa, domin sauye-sauyen sun yi yawa kuma sun zo kusa da kusa. Da wayar salula ta iso a 2001, wasiƙar zumunci ta ja baya cikin 'yan shekaru.

Abin da ginin ke bukata

Kayan aikin suna nan. Akwai jaridun sanarwar gwamnatin Arewa da ta Najeriya, da littattafan jagora na gidan waya, da rahotannin ma'aikatar, waɗanda ake nema a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da ma'ajiyar gwamnatin Ingila da ke Kew. Jack Ince da John Sacher sun buga babban littafi a 1992 kan aikin gidan waya a yankin kafin 1914, Edward Proud kuma ya buga tarihin gidan wayan Najeriya a 1995. Aikin da ya rage shi ne na haƙuri: a kwafe kowane farashi a layi guda, tare da ranar da ya fara aiki da ranar da ya daina, da inda saƙon ya nufa, da irinsa, ko wasiƙa ce ko kati ko jarida ko rajista, da matakin nauyi, da irin kuɗin, da hoton shafin da aka samo shi.

Ranar da aka buga sanarwa daban take da ranar da ta fara aiki, kuma ta biyun ce ke da amfani. Inda ba a sami takarda ba, gwamma manhajar ta nuna giɓi da ta cike shi da ƙiyasi, domin adadin ƙarya ɗaya na iya sa iyali su ɗora wasiƙar kakansu a shekarar da ba tata ba. Ya kamata ta iya amsa tambaya ta fuska biyu: a ba ta shekara ta faɗi kuɗi, ko a ba ta jimillar kuɗin da ke kan ambulan ta faɗi shekarun da hakan zai yiwu. Idan aka haɗa wannan da hoton da ke jikin kan sarkin, tazarar takan ƙara matsewa, tunda jerin Sarki Joji na Shida ya fito a 1938, na Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953. Sai kuma ta san cewa mutane na kuskure. Wani yakan manna fiye da kima don abin da ke hannunsa ke nan, wani ya gaza, a buga wa ambulan ɗin harafin T, mai karɓa ya biya ninki biyu na abin da ya rage. A ƙarshe, ta yi magana da sunayen kuɗin da masu takardun suka sani, ta kuma buɗe a ƙaramar waya ba tare da cin data mai yawa ba.

Kuɗin da ba ya cikin jadawali

Ko an kammala duk wannan, abin da jadawali zai faɗa shi ne kuɗin da hukuma ta karɓa. Abin da wasiƙa ta ci wa manomi a ƙasar Tsanyawa ya wuce haka. Yanki ne na gonaki masu cunkoso, inda ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 150,000 a ƙaramar hukumar, kuma tun da daɗewa samari ke fita cin rani idan an kawar da amfanin gona. Wanda ke son aika musu saƙo sai ya sayi takarda da ambulan, ya nemi malamin da zai rubuta, ya sami ɗan boko ya rubuta adireshi, tunda ma'aikacin gidan waya da boko yake aiki, sannan ya jira ranar kasuwa ko mai zuwa gari. Amsa kuma ba gida take zuwa ba. Takan biyo ta hannun hakimi ko dagaci ko shugaban makarantar firamare, ko akwatin wani ɗan kasuwa da unguwa guda ke amfani da shi. Wannan ne dalilin da ya sa adireshin da ke kan tsohon ambulan yakan ɗauki suna biyu ko uku, kuma jerin sunayen nan yana nuna wanda jama'a suka amince wa a lokacin.

Irin wannan bayani ba ya cikin ma'ajiyar Kaduna ko ta Kew. Yana bakin dattawan da suka yi zamanin, da jikin ambulan ɗin da ke cikin adaka, waɗanda gara da danshin damina ke ragewa kowace shekara. Manhajar da ta ba iyalai damar ɗora hoton ambulan, bayan an rufe sunayen da ba a son bayyanawa, za ta sami abin gwada jadawalinta da shi, su kuma su sami shekarar wasiƙarsu. Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun duk wanda ya gaji irin waɗannan takardu. Kada a ɓamɓare kan sarki daga jikin ambulan don a ba yara ko a adana shi shi kaɗai, kada kuma a raba wasiƙa da ambulan ɗinta. A ɗauki hoton gaba da baya, domin hatiman garuruwan da ta ratsa a baya ake buga su, a sa ta cikin busasshiyar takarda nesa da ƙasa, sannan a tambayi mafi tsufa a gidan wa ya rubuta ta, wa kuma ya karanta musu ita ranar da ta iso.